Kujera ba ta cire haƙori: a dubi ma'aikatan ƙananan gidajen likitan haƙori

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana ma kwana ya san tsawon dare. Mutum shi kurkure baki da ruwan gishiri, shi danna kanumhwari, shi ɗaure kai da ƙyalle, har a yi kiran assalatu bai runtsa ba. Gari na wayewa sai shi hau kabu-kabu zuwa gidan likitan haƙorin da ya hi kusa. To, kahin shi ga likitan, mutum nawa za shi gani? Akwai gardi bakin ƙohwa. Akwai yarinyar da ke rubuta suna tana amsar kuɗi. Akwai wadda za ta zaunar da shi bisa kujera, ta ɗaura mashi ƙyalle ga wuya, ta jera kayan aiki. Akwai kuma wanda ba za shi gani ba sam, wato mai wanke kayan da anka sa cikin bakin wanda ya riga shi zuwa. Likita shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa shi ne wanda maras lahiya ke daɗewa kaɗan tare da shi. Ran da mutumen ya koma gida ana tambayarshi yaya wurin yake, rabin amsar da za shi bada ta waɗannan mutane ce.

Irin waɗanga gidaje suna nan a Yamai, ana kuma samunsu cikin manyan garuruwa kamar Maradi da Damagaram, ban da ɗakunan haƙori na asibitocin gwamnati. Galibi mutum huɗu ne ko biyar ke ciki, likita guda da mataimakanshi. Likitan ya yi shekaru shina karatu, wani a Dakar, wani a Abijan, wani ma can ƙetaren teku. Ya san jijiyar haƙori da tushenshi, ya san allurar kashe zahi. Amma riƙon mutane wani karatu ne daban, kuma ba kowa ke dawowa da shi cikin akwati ba. Ranar da ya buɗe gidanshi na kanshi, ranar ce ya zama maigida, ko shina so ko ba shi so.

Sai a ga abin mamaki. Likita ya ci bashi ya sayo kujera ta miliyoyin sefa. Kullum ana goge ta, da marece a lulluɓe ta don ƙura. In ta yi wata ƙara da ba a saba ji ba, nan take a kira mai gyara, ko nawa ya ce a biya. Amma yarinyar da ke tsaye gehen kujerar tun sahe har la'asar, wata uku huskarta na ɗaure, babu wanda ya tambaye ta mi ya same ta. Alhali kujera ba ta cire haƙori, ba ta wanke almakashi, ba ta lallashin yaron da ke kuka. Dukiyar gidan da ta hi kowace tsada ita ce mutanen da ke cikinshi, kuma ita ce wadda anka hi sakaci da ita.

Wani zai ce wannan zancen jin daɗi ne, ma'aikaci ai aikinshi za shi yi ko ranshi na so ko ba shi so. A dubi ɗakin bayan nan inda ake tsabtace kaya, sa'annan a sake magana. Duk abin da ya shiga bakin mutum ya taɓa jini da miyau. Sai an wanke shi da buroshi da sabuni, a ɗauraye, a busar, sa'annan a sa shi cikin na'urar kashe ƙwayoyin cuta. In tukunyar tururi ce, wadda ake ce ma otokilab, zahinta shina kai digiri 121 ko 134. In kuwa tanda ce ta busasshen zahi, wadda ma'aikata sunka sani da sunan pupinel, ana son awa guda cur a kan digiri 170, kuma ba a soma ƙidayar awar sai zahin ya kai. Wa ke tsaye bisa kan mai wannan aiki shina duba agogo? Babu kowa. Likita na can gaba da maras lahiya. In mutane sun yi yawa, ana ƙwala kira a kawo kaya, ma'aikacin da ranshi ya ɓaci sai shi kashe tandar bayan minti ashirin. Almakashin zai hito shina ƙyalli kamar sabo. Ido ba shi iya bambanta wanda ya cika awa da wanda bai cika ba. Abin da ke tsakanin maras lahiya da cutar wani, a wannan lokaci, zuciyar ma'aikacin ce kawai.

Cutar kuwa ba ƙarama ba ce. Ƙwayar ciwon hanta irin na B, wadda ta yawaita a ƙasashen Afirka ta Yamma, tana iya rayuwa mako guda ko hiye cikin busasshen jini bisa ƙarhe. Mutum shi zo cire haƙori guda shi koma da ciwon da ba za shi gane ba sai bayan shekaru, sa'ad da hanta ta lalace, kuma ba za shi taɓa sanin inda ya ɗauko shi ba. Ma'aikacin kanshi ma shina cikin haɗarin. In allurar da ta taɓa jinin mai ɗauke da ƙwayar ta soke shi, kuma ba a yi mashi rigakahi ba, haɗarin kamuwa na iya kai kusan kashi 30 cikin 100 idan ƙwayar tana da ƙarhi cikin jinin wancan. Na ƙwayar sida bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ita mutane sunka hi tsoro. Rigakahin ciwon hanta na B ya shiga cikin alluran jarirai a Nijar a shekarar 2008. Ke nan galibin masu aiki yau an haihe su kahin nan, ba su samu ba. Allura uku ce cikin wata shidda. Maigidan da ya kai ma'aikatanshi ya biya musu kuɗinta ya gaya musu magana wadda ta hi duk wani jawabi: ranku na da daraja a gidan nan. Wanda kuwa ke ƙidaya musu sahwar hannu, shina cewa a wanke ta a sake sawa, shi ma ya gaya musu tashi maganar, kuma sun ji.

Saboda haka duk mai son ma'aikatanshi su yi aiki da zuciya ɗaya, da haƙƙinsu za shi soma. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Albashi ƙarshen wata, ran da anka yi alkawari, ba sai ma'aikaci ya yi ta zagaye shina sosa ƙeya ba. Babu abin da ke kashe gwiwar mutum kamar roƙon abin da guminshi ne. Mai gidan haya ba shi jira, mai shago ba shi jira, kuɗin lakkal ɗin ɗiya ba su jira. Yarinyar da ta kwana tana tunanin inda za ta samo rance, da sahe jikinta ne kawai ke gehen kujera. Dokar aiki ta ƙasa, mai lamba 2012-45 ta ran 25 ga watan Satumba 2012, ta tsara waɗannan abubuwa: awa 40 na aiki cikin mako, hutun shekara na kwana biyu da rabi ga kowane watan aiki, hutun haihuwa na mako 14 ga mace. Mahi ƙarancin albashi, wanda ya tsaya jikka 30 da ƴan kai tun 2012, an ɗaga shi zuwa jikka 42 a hwarkon shekarar 2024. Wannan kuwa ƙasan tsani ne. Bai kamata mai riƙe da tsabtar kayan tiyata shi tsaya bisa matakin ƙarshe na ƙasa ba.

Akwai kuma rajista ga asusun CNSS, wanda ke ɗaukar nauyin kuɗin iyali, da haɗarin wurin aiki, da kuɗin tsuhwa. Nan ne ƙananan gidaje da dama ke noƙewa, kuma hujjar da aka hi ji ita ce: ai na gida ne. Ɗiyar ƙane ce, ko ɗan maƙwabci, ko wanda wani dattijo ya kawo ya ce a taimaka mashi. Tunda na gida ne, babu takardar ɗaukar aiki, babu takardar albashi, babu lokacin tashi. Taimakon dangi abu ne mai kyau, kuma babu mai hana shi. Sai dai zumuncin da ke hana mutum haƙƙinshi ya zama wani abu daban. Na gidan nan shi ne wanda ba shi iya buɗe baki shi yi kuka, don kada a kai ƙararshi ga uwayenshi a ce ya yi butulci. Sai shi haɗiye, abin shi taru, shi hito ta wata hanya: jan ƙahwa, da ɓata rai ga masu zuwa. Shi ma likitan ya ɗaure kanshi, don ba shi iya yi ma ɗiyar ƙanenshi horo ba tare da an yi zaman dangi ba. Takarda tana kare su su duka biyu.

To amma kuɗi ba su ne duka ba. A shekarar 1959 wani masani na Amurka, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinshi, sun hito da sakamakon binciken da sunka yi a yankin Pittsburgh. Sun tambayi injiniyoyi da masu lissahin kuɗi wajen 200 su ba da labarin lokacin da sunka ji daɗin aikinsu ƙwarai, da lokacin da sunka ji haushinshi ƙwarai. Sai ya tarar amsoshin ba hanya ɗaya sunka bi ba. Abubuwan da ke sa haushi sun hi karkata ga tsarin ma'aikata, da halin shugaba, da yanayin wurin aiki, da albashi. Waɗanda ke sa jin daɗi kuwa sun karkata ga aikin kanshi: mutum shi ga ya gama wani abu da kyau, a yaba mashi, a danƙa mashi amana, shi ga shina ci gaba. Masana sun yi gardama a kan wannan rabo, kuma mutanen Pittsburgh ba su ne mutanen Tawa ba. Duk da haka akwai gaskiya a ciki wadda kowane manomi ya sani. Cire haki daga gona wajibi ne, amma cire haki bai zama shuka ba. Biyan albashi kan lokaci shina kawar da ɓacin rai. Son aikin kuwa, daga wani wuri shike tsirowa.

Wurin na hwarko shi ne mutunci. A ƙaramin gida babu bango tsakanin maigida da ma'aikaci, babu kuma bango tsakaninsu da maras lahiya. Likita na cikin aiki, ya miƙa hannu, yarinya ta ba shi abin da ba shi ya nema ba. Sai shi daka mata tsawa: "Ke wace irin sakarya ce!" Mutumen da ke kwance baki buɗe ya ji. Waɗanda ke zaune waje bisa benci sun ji. Wataƙila cikinsu akwai maƙwabciyarta, ko surukarta. Bahaushe shina iya jure yunwa, amma kunya gaban jama'a ba ta goguwa da sauri. Kuma tsawar ba ta gyara komi ba: hannunta sai ƙara rawa shike, shi kuwa maras lahiya ya soma tambayar kanshi ko ya zo wurin da ya dace. Da likitan ya ce a hankali, "Malama, ba wannan ba, na kusa da shi," sa'annan bayan mutumen ya tahi shi zaunar da ita shi nuna mata, da an samu gyara ba a yi asarar komi ba. Haka nan gardin da ya haihi sa'an likita, in an ce mashi "Baba, ina kwana, yaya iyali?" ba a rage ma likita digiri ko guda ba.

Maganar tsawa tana da wani gehe da ya hi wannan nauyi. A shekarar 1996 wata malama ta jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta ba da sakamakon binciken da ta yi cikin ɗakunan jinya na wasu asibitoci. Ta zaci ɗakunan da sunka hi kyawun shugabanci su ne za a samu da ƙarancin kuskuren magani. Sai ta ga akasin haka cikin lissahi. Da ta bi diddigi, ta gane cewa a ɗakunan da shugaba ke da sauƙin kai ma'aikata na hwaɗin kuskurensu a rubuta, a sauran kuwa ɓoyewa ake yi don tsoro. A kawo wannan ga gidan likitan haƙori. Yarinya na wanke kaya da marece, allura ta soke ta. Akwai maganin da ke kare mutum daga ƙwayar sida bayan irin wannan haɗari, ana shan shi kwana 28, amma sai an soma shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin somawa gwargwadon amhwaninshi. In ta san tsawa za ta sha, a ce mata sakacinta ne, sai ta tsotse yatsa ta yi shiru. Kwana ukun su wuce. Haka in wuta ta ɗauke tanda na tsakiyar aiki, ko an manta an haɗa kayan da anka tsabtace da waɗanda ba a tsabtace ba. Likitan da ke alhwahari cewa gidanshi ba a taɓa kawo mashi labarin kuskure ba, shi binciki kanshi. Ko dai mala'iku ya ɗauka aiki, ko kuwa tsoronshi ake ji.

Wulakanci kuma gangarowa shike yi kamar ruwa. A shekarar 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun jagoranci wani littahi na bincike a kan zaman ma'aikatan lahiya da marasa lahiya cikin manyan birane biyar: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Abin da sunka bayyana ba baƙo ba ne ga kowa: wanda ya zo ba shi da sani a wurin shi ne ke shan rashin gaisuwa, da dogon jira, da gatsali. Asibitocin gwamnati sunka hi dubawa, amma darasin ya shahi kowane gida. Wadda anka muzanta cikin ɗaki, in ta hito, wa za ta huce a kanshi in ba baƙauyen da ya taho daga nesa da kumburarren kunci ba? Shi kuwa in ya sha wannan sau guda, gobe sai shi nuhi mai cire haƙori na kasuwa, wanda ke tarbarshi da hwara'a shina cire ma mutum goma da ƙarhe guda. Shimhiɗar huska ta hi ta tabarma, amma ba a tilasta ma mutum ita. Wanda anka yi ma ita shi ke da ita ta bayarwa.

Wuri na biyu shi ne ilimi. Tun shekarun 1960 jami'ar Alabama ta Amurka ta tsara abin da ake kira aikin hannu huɗu: likita da mataimaki suna zaune tare kusa da kan maras lahiya, an shirya kaya tun kahin a soma, mataimaki na miƙa abin da ake bukata shina zuƙe ruwa da miyau, likita ba shi ɗauke ido daga bakin. Aikin shina sauri, gajiyar baya da ta wuya suna raguwa. Sai dai wannan ba shi yiwuwa da mataimakin da bai san dalilin abin da ake yi ba. Wadda anka bayyana ma abin da ya sa ake wanke ramin haƙori kahin a cike shi, ita ce za ta miƙo abu na gaba ba a tambaye ta ba. Minti goma da sahe, kahin a buɗe ƙohwa, sun isa a zauna gaba ɗaya a duba waɗanda za su zo yau: wane ne mai hawan jini, wace ce mai ciki, wane yaro ne ya tsorata wancan karo. A nan ne mai amsar kuɗi za ta ce mutane na kuka da jiran ranar Litinin, mai wanki shi ce buroshi ya ƙare. Su ke ganin abin da likita ba shi gani. In an ɗauki shawarar ɗayansu, a ce tashi ce, gaban kowa. Yabon gwani ya zama dole, kuma yabon da ke da amhwani shi ne wanda ya ambaci abin da mutum ya yi: "Yadda kika lallashi tsohuwar nan jiya, shi ya sa ta yarda anka yi mata allura." Wannan ya hi "sannu da aiki" ɗari.

Masu gidaje suna da nasu kuka, kuma ya kamata a saurare shi. Na hwarko: in na koya mata, ta ƙware, sai wani shi ƙara mata jikka goma ta tahi. Haka ne, yana aukuwa. Amma a auna ɗaya gehen. Wadda ba a koya ma komi ba, ta zauna shekara biyar, ita ce ke riƙe da tanda da allurai duk tsawon shekarun. Wace asara ta hi? Ban da haka, ba kullum jikka goman ke ɗauke mutum ba. Da yawa sun daɗe da tahiya a zuci, kuɗin dalili ne kawai da ake iya hwaɗi ba a yi rigima ba. Wadda ta tahi da daɗin rai kuwa, ta zama mai turo mutane, kuma ƙasa ba ta yi asara ba, tunda bakin ƴan Nijar za ta ci gaba da dubawa.

Kuka na biyu shi ne rashin kuɗi, kuma shi ya hi gaskiya. Kusan duk kayan aikin haƙori daga waje suke zuwa. Mutane da yawa ba su zuwa sai haƙori ya gama lalacewa, kuma sun hi iya biyan cirewa bisa ga gyara. Daga watan takwas na 2023 zuwa watan uku na 2024, lokacin da wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, duk mai aiki da na'ura ya ɗanɗana kuɗarshi: ko shi sayi man injin wuta, ko shi ruhe. A irin wannan hali, abin da ya hi dacewa shi ne a gaya ma ma'aikata gaskiya tun wata bai ƙare ba, a ce ga abin da ya shigo, ga ranar da za a cika saura, kuma a cika ranar. Mutane na iya haƙuri da talaucin da sunka gani da idonsu. Abin da ba su iya haƙuri da shi, shi ne a ce babu kuɗi ran Alhamis, ran Asabar su ga maigida da sabuwar mota.

Wasu kuma, don su zaburar da ma'aikata, sai su ce kowa za shi samu kaso bisa yawan mutanen da anka gani ko haƙoran da anka cire. A yi hattara da wannan. Abin da anka biya mutum dominshi, shi za shi yawaita. In yawa ake biya, za a samu yawa: a gaggauta wanki, a taƙaita bayani, a cire haƙorin da ke iya gyaruwa. In za a yi kyauta, a yi ta ga gidan baki ɗaya ƙarshen shekara, a raba bisa ƙa'idar da kowa ya sani, har da mai shara da gardi. Goron salla, da gudummawar suna ko ta rasuwa, da zuwan likita da ƙahwarshi gaisuwa gidan ma'aikacinshi, duk suna ɗaure zuciya hiye da yadda littattahwan Turai sunka sani. Amma su ƙari ne bisa haƙƙi. Turmin atamhwa ran salla ba shi biyan albashin wata biyu da anka riƙe. Kuma in an ba wannan an hana wancan ba dalili, kyautar ta zama guba. Cikin mutum biyar, ɗan lele guda ya isa shi raba gida biyu.

Su ma ma'aikata akwai nasu. Wanda anka ba haƙƙinshi, anka mutunta shi, ba shi da hujjar zuwa ƙarhe tara, ko latsa tarho mutum na kwance shina jira, ko kai sirrin bakin wani cikin unguwa, wance haƙoranta na roba ne, wane an ga alamar cuta kaza. Ba shi da hujjar jan maras lahiya gehe shi ce zo gida in yi maka da sauƙi. Maigidan da ya ga haka ya yi shiru don gudun rigima ya zalunci sauran da ke aikinsu tsakani da Allah, don babu abin da ke sanyaya jikin mai ƙwazo kamar ganin malalaci na cin albashi daidai da nashi.

Abin da ke cikin wagga magana ya wuce cinikin gida guda. Ƙungiyar lahiya ta duniya, OMS, ta ce cikin rahotonta na 2022 kusan mutum miliyar 3 da rabi ke da wata cuta ta baki ko ta haƙori, kuma nahiyar Afirka na cikin inda masu maganinta sunka hi ƙaranci. A nan yankin Sahel akwai wadda ta hi sauran muni, wato noma, cutar da ke cin kunci da leɓen yara, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana. Da kumburin dasashi take somawa, da jini, da warin baki. A wannan mataki, tsabtace baki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da abinci mai kyau suna tsayar da ita. In an bar ta, cikin ƴan kwanaki take huda huska, kuma tana iya kashe yara 9 cikin 10. Ƙungiyar Sentinelles ta soma aiki a kanta a Damagaram a 1992, an buɗe asibitinta a Sakkwato a 1999, kuma a watan Disamba 2023 OMS ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zahi da anka yi sakaci da su. Uwa na iya zuwa don haƙorinta, da yaro goye shina dalalar miyau. Likita na can ciki. Wadda za ta lura da yaron, ta ce "Inna, kawo shi in ga bakinshi," ita ce yarinyar nan ta bakin tebur, in an koya mata alamun, kuma in ranta na wurin aikin.

Hukumomi na da hannu a ciki. Masu zagayen duba gidajen lahiya masu zaman kansu sun saba tambayar takardar izini da ta digirin likita. Ya kamata su riƙa tambayar takardun sauran ma: ina shaidar ɗaukar aiki ta kowane, ina lambarshi ta CNSS, ina katin rigakahinshi na ciwon hanta, ina littahin da ake rubuta lokacin da anka kunna tanda da lokacin da anka kashe ta, da sunan wanda ya yi. Sufetocin aiki kuma su tuna cewa gidan mutum biyar ma ma'aikata ce, dokar 2012 ta hau kanshi kamar yadda ta hau kan babban kamhwani. Makarantun lahiya na Yamai da Damagaram, da ƙungiyar likitocin kansu, suna iya shirya gajeren horo na kwana biyu ko uku ga mataimakan da sunka koyi aikin a tsaye gehen kujera, a ba su takardar shaida wadda za su iya nunawa ko ina. A ware rabin yini daga ciki domin masu gidajen, a zauna da su a kan albashi, da hutu, da yadda ake yi ma ma'aikaci gyara ba gaban maras lahiya ba.